Injin wankina yana wari, har ya kama tufafin maigida

Tambaya:

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce a Zariya, ina da yara biyu. Injin wankina irin mai ƙofa a gaba ne, yana cikin kayan ɗakin da mahaifina ya yi mini shekara huɗu da suka wuce. Tun farkon daminar bana ya fara wani irin wari kamar na jiƙaƙƙen tsumma da aka manta a bokiti, yanzu kuma warin ya kama tawul da singileti, har da shaddodin maigida. Na ƙara yawan omo, na sayi ruwan ƙamshi mai tausasa kaya ina zubawa, ina kuma turara kayan a kabbasa, amma da zarar mutum ya yi gumi sai warin ya taso. Da ruwan sanyi nake wanki saboda yawanci da janareto muke amfani, kuma ina rufe ƙofar injin da zarar na kwashe kaya saboda ƙaramin ɗana. Kwanan baya uwar mijina ta ce kayan ɗanta suna warin danshi, maganar ta yi mini ciwo ƙwarai. Maigida ya ce a sayar da injin a koma kai wa mai wanki da guga, ni kuma ba na son rabuwa da abin da mahaifina ya saya mini. Ina mafita?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki, na kuma fahimci cewa maganar uwar mijinki ta fi warin kansa ci miki rai, domin babu macen da za ta so a danganta ta da ƙazanta alhali kullum tana tsaye a kan tsaftar gidanta. Saboda haka zan fara da abin da zai sanyaya miki zuciya: bisa ga abin da kika bayyana, injinki bai lalace ba, bai kai ga a sayar da shi ba, kuma irin wannan wari yana samun gidajen da suka fi kowa tsafta. Sai dai dole in gaya miki gaskiya, cewa abubuwa uku da kike yi da kyakkyawar niyya, wato ƙara omo, da zuba ruwan ƙamshi mai tausasa kaya, da rufe ƙofa da zarar kin kwashe wanki, su ne suke ciyar da warin, ruwan sanyin da kike wanki da shi kuma yana ba shi damar zama daram.

Domin ki gane dalili, sai kin san yadda aka ƙera injin. Gangar ƙarfen nan mai ƙananan huji da kike zuba kaya a ciki tana juyawa ne a cikin wata babbar ganga ta biyu wadda idonki ba ya kaiwa gare ta, kuma ita ce take riƙe ruwa. Tsakaninta da ƙofa akwai robar nan mai kauri mai ninki, wadda aka yi domin ko ɗigon ruwa kada ya fito, abin da ya hana ruwa fita kuwa shi ne yake hana iska shiga. An yi irin wannan inji ne domin ya yi wanki da ruwa kaɗan. Ba ya cika ganga kamar yadda mai buɗewa ta sama yake yi, yana ɗaga kaya ne yana sako su cikin ɗan ruwan da ke ƙasa. Idan omo ya yi yawa, wannan ɗan ruwa ba zai iya ɗauraye shi duka ba, sai ragowar ta manne a bayan gangar ƙarfe da jikin ganga ta biyu da cikin ninkin roba. A nan take haɗuwa da gumi, da burbushin zare, da maiƙon basilin da man shafawa da turaruka masu mai irin su humra, waɗanda ruwan sanyi ba ya narkar da su sosai, duk su zama wani yauƙi mai launin toka. Wannan yauƙi shi ne abincin ƙwayoyin bakteriya da funfuna, kuma idan kika rufe ƙofa a kan danshi, a tsakiyar damina lokacin da ko shanya ba ta bushewa da wuri, kin haɗa musu abinci da ruwa da ɗumi a wuri guda.

Abin da kika lura da shi, cewa kaya suna fitowa kamar lafiya lau amma sai an yi gumi warin ya taso, an yi bincike a kansa. A shekarar 2012 wasu masu bincike a Japan sun wallafa cewa wata ƙwayar bakteriya mai suna Moraxella osloensis ce a kan gaba wajen haddasa wannan wari na jiƙaƙƙen tsumma a jikin tufafin da aka riga aka wanke, kuma tana da juriyar bushewa. Ke nan tana iya zama a cikin zaren tawul da singileti ko bayan an shanya su, da ta sami danshin gumi ko na ruwan wanka sai warin ya farfaɗo. Turaren wuta yana lulluɓe shi ne na ɗan lokaci, shi kuma ruwan tausasa kaya yana barin wani santsi mai kama da maiƙo a jikin zare da jikin inji, wanda yake ƙara wa ƙwayoyin abin da za su ci. Matsalar ma ba a ƙasarmu ta tsaya ba. A Amurka masu irin wannan inji sun yi shekaru suna shari'a da kamfanin Whirlpool a kan funfuna da wari. A 2014 wata kotun tarayya da ke jihar Ohio ta ba kamfanin gaskiya, amma a 2016 aka ƙare da sulhu, aka amince a ba masu ƙorafi ɗan abin diyya ko rangwame a kan sabon inji. Na kawo wannan ne domin ki tabbata cewa ko a inda wuta ba ta ɗaukewa, ruwa kuma ba ya yankewa, mata da maza sun sha fama da abin da kike fama da shi.

Kafin ki taɓa komai, ki tantance irin warin. Ki buɗe ƙofa ki sansana cikin ganga, sannan ki zagaya bayan injin ki sansana inda tiyon fitar da ruwa ya shiga bututu ko kwata. Idan warin danshi ne da tsami, kuma ya fi ƙarfi a cikin ganga, to daga jikin injin yake, kuma shi ne kika siffanta mini. Idan kuwa warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ko na masai, kuma ya fi ƙarfi ta baya, daga magudanar ruwa yake shigowa, zan kuma dawo kansa nan gaba. Wanda ba a wasa da shi shi ne ƙauri, irin na roba ko wayar lantarki da ta ƙone: da zarar kin ji shi ki zare filogi, kada ki sake kunnawa sai mai gyara ya duba, domin wannan maganar bel ce ko motar da ke juya ganga ko wayar lantarki, kuma tana iya kai ga gobara. Ki kuma leƙa ƙarƙashin injin da tocila, domin ɓera ko ƙadangare yana iya mutuwa a can a ɗora wa inji laifi.

Idan warin daga jikin injin yake, ga yadda za ki wanke shi. Ki zaɓi ranar da ba ki da wanki, kuma kina sa ran wuta za ta zauna. Ki zare filogi, ki sa safar hannu ta roba, ki buɗe tagogi, ki fara da robar bakin ƙofa. Ki ja leɓenta da yatsa ki duba cikin ninkin, musamman ta ƙasa inda ruwa yake kwanciya. Kada ki firgita da abin da za ki gani, domin a nan ake samun baƙin funfuna, da gashi, da fil, da tsinken sakace, wani lokaci har da safar yaro da aka daɗe ana nema. Ki kwashe duk wannan da tsumma, sannan ki haɗa bilic irin su Hypo ko Jik kashi ɗaya da ruwa kashi goma, ki goge ninkin tun daga sama har ƙasa, ki bi lungunan da tsohon buroshin haƙori. Inda baƙin ya kama sosai, ki tsoma farin tsumma a ruwan bilic ɗin ki cusa shi cikin ninkin, ki bar shi kamar minti 20, sannan ki cire ki ɗauraye da ruwa mai kyau. A ƙasan robar akwai wasu ƙananan huji da aka yi domin ruwa ya tsiyaye ya koma cikin ganga. Sau da yawa zare ne yake toshe su, shi ya sa ruwa yake kwana a wurin. Ki buɗe su da tsinken auduga, kada ki sa wuƙa ko allura ko wayar goge tukunya, domin robar da ta huje sai dai a canza ta. Yana yiwuwa ki gama duk wannan ki ga wasu ɗigo-ɗigon baƙi sun ƙi fita. Idan wurin ya daina yauƙi da wari, tabo ne kawai ya shiga jikin robar, kada ki wahalar da kanki a kansa.

A nan dole in tsaya in ja kunnenki, domin na fi damuwa da lafiyarki a kan lafiyar injin. Kada ki taɓa haɗa bilic da ruwan khal, ko lemon tsami, ko maganin wanke masai mai asid, ko duk wani abu mai ɗauke da amoniya, ko a bokiti ne ko a cikin injin. Haɗa bilic da abu mai tsami yana fitar da iskar kulorin, wadda take ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma a ƙaramin ɗakin wanka da ba shi da taga tana iya kai mutum asibiti cikin 'yan mintoci. Abu ɗaya ake amfani da shi a rana ɗaya, a ɗauraye shi tas kafin a kawo wani.

Daga nan sai durowar da ake zuba omo. Ki jawo ta har ƙarshe, za ki ga wani ɗan harshe a wajen gurbin ruwan tausasa kaya, idan kika danna shi durowar za ta fito gaba ɗaya. Ki cire murfin da ke kan wannan gurbi, ki jiƙa su duka a ruwan ɗumi, ki goge da buroshi. Abin da yawancin mutane suke mantawa shi ne ramin da durowar ta fito daga ciki: ki sunkuya ki dubi rufinsa, inda ruwa yake fesowa ta ƙananan huji, domin funfuna tana taruwa a can, kuma duk ruwan da zai shiga wankinki ta nan yake bi.

Wurin da nake kyautata zaton nan ne cibiyar warin gidanki shi ne matatar famfon fitar da ruwa, tunda ba ki ambace ta ko sau ɗaya a wasiƙarki ba, kuma mata da yawa suna shekaru da inji ba su san da ita ba. Ki duba can ƙasan injin ta gaba, yawanci ta hannun dama, za ki ga wata 'yar ƙofa. A bayanta akwai wani murfi mai murɗawa, a yawancin injina kuma akwai ɗan siririn tiyo mai toshiya a gefensa. Ki shimfiɗa tsofaffin tawul, ki kawo faranti mai ɗan zurfi ko tire, ki jawo siririn tiyon ki cire toshiyarsa, ki bar ruwa ya tsiyaye. Idan farantin ya cika ki toshe, ki zubar, ki sake, har ruwan ya ƙare. Idan injinki ba shi da wannan tiyo, sai ki sassauta murfin kaɗan kaɗan ruwan yana fitowa a hankali. Kada ki yi wannan aiki bayan wanki mai zafi sai ruwan ya huce. Idan ruwa ya ƙare, ki murɗa murfin ta hagu ki zaro shi. A injin da ya shekara huɗu ba a buɗe shi ba, abin da zai fito yana da ɗoyi ƙwarai: curin zare da gashi, maɓallai, ribom, 'ya'yan carbi, ƙwallon dabino, ledar alawa, duk a cikin baƙin yauƙi. Ki wanke matatar da buroshi, ki zura yatsa cikin ramin ki goge, ki taɓa 'yar farfelar da ke can ciki ki tabbata babu zaren da ya naɗe ta. Sannan ki mayar da murfin ki ɗaure shi tam, ki mayar da toshiyar tiyo, domin idan ya yi sako-sako wanki na gaba zai malale miki ɗaki. A gidan da ake wankin yara, a riƙa buɗe wannan matata duk bayan wata ɗaya ko biyu.

Saura ganga ta biyu, wadda hannu ba ya kaiwa, sai dai injin ya wanke kansa. Da farko ki gwada wani abu da zai nuna miki gaskiyar maganata a kan omo: ki kunna injin babu kaya, babu omo, ki tsaya ki kalli gilashin ƙofa. Idan kika ga kumfa ta taso, to ragowar omon watannin baya ce take narkewa. Bayan haka ki zuba bilic kamar rabin kofin shayi, wato kimanin mililita 100, ki kunna tsarin wanke ganga idan injinki yana da shi. Injinan LG suna kiransa Tub Clean, na Samsung kuma Drum Clean, har wasu daga cikinsu sukan kunna alamar tunatarwa bayan wanki 40. Idan naki ba shi da wannan tsari, ki zaɓi wankin auduga mafi tsawo, ki ƙara masa ɗauraya. Ki duba ɗan littafin da ya zo da injin tukuna, domin wasu kamfanoni sun hana bilic mai kulorin, sun ce a yi amfani da garin wanke inji da ake sayarwa a manyan kantuna. Kashegari, ko duk ranar da wuta ta samu, ki sake kunna shi babu kaya a kan zafin digiri 90 da cokali biyu na omon inji, domin zafi ne yake narkar da maiƙon da ya daskare. Idan kika ga ɓarɓashi baƙi ko ruwan toka yana fitowa a cikin ganga, aikin yana ci ne. Ki goge, ki maimaita sau biyu ko uku a cikin mako.

Na san a nan ne maganar wuta za ta shigo, kuma ba zan ɗauke ta da sauƙi ba. Hitar da ke cikin irin wannan inji tana jan kimanin wat 2000, ƙaramin janareto ba zai ɗauke ta ba, wanki mai zafi kuma yana cin awa biyu ko fiye. Abin da zai taimake ki shi ne bilic yana kashe ƙwayoyin ko a ruwan sanyi, saboda haka wannan kashi na aikin za ki iya yin sa da janareton da kuka saba. Wanki mai zafi kuwa, bayan na makon farko, sau ɗaya a wata ya wadatar, ki ajiye shi sai ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi, ko ki roƙi maigida a kashe firiji da sauran kayan wuta idan janareton naku babba ne. Kada ki tafasa ruwa a tukunya ki juye a cikin ganga da nufin maye gurbin hita: tafasasshen ruwa a kan gilashi mai sanyi da roba hatsari ne gare ki da injin, kuma injina da yawa suna fara aiki ne da zuƙe duk ruwan da suka tarar a ciki.

Idan ruwan burtsatse ko na rijiya kuke amfani da shi, ki duba cikin butar da kike dafa ruwan shayi. Idan akwai farin ɓawo a gindinta, irinsa yana nan a jikin hitar injinki da ganga, kuma kaushinsa yana ba dauɗa wurin kamawa. Maganinsa garin sitirik asid, farin garin nan mai tsami da masu haɗa lemo suke amfani da shi: kimanin giram 100 a cikin ganga babu kaya, a kan digiri 60, sau biyu ko uku a shekara, kuma ba a ranar da aka sa bilic ba. Za ki ji ana ba da shawarar a haɗa ruwan khal da bekin soda a zuba tare. Kumfar da suke yi tana burge ido, amma ɗaya mai tsami ne ɗaya kuma kishiyarsa, suna kashe ƙarfin juna ne, kuma yawan amfani da khal yana iya raunana roba. Kanwa ma ban ba ki shawarar zuba ta ba, domin tana zuwa da yashi da tsakuwa waɗanda za su sauka a cikin famfo.

Tufafin da suka riga suka kama wari su ma sai an yi musu nasu magani, in ba haka ba za su mayar da ƙwayoyin cikin injin da kika wahala a kansa. Tawul da singileti da zanen gado na auduga, ki wanke su a kan digiri 60 da omon gari, ki shanya su a rana nan take, a baje, ba a ninke a kan igiya ba. Omon gari na inji ya fi na ruwa a wannan aiki, domin yawancinsa yana ɗauke da bilic mai aiki da iskar oksijin, wanda ba ya cikin sabulun ruwa. Shadda kuwa kada ki kusance ta da bilic ko ruwan zafi, za ki kashe mata launi da sheƙi. A wanke ta da ruwa mai sanyi, a shanya ta a inuwa mai iska har ta bushe ƙarau, a yi mata guga, domin zafin dutsen guga ma yana taimakawa. Sai bayan kaya sun bushe sarai ake ɗora su a kabbasa, a lokacin ne turare yake kama su da kyau.

Yanzu ga abin da zai hana warin dawowa, kuma ya fi duk wanke-wanken da na lissafa muhimmanci. Omon wankin hannu an yi shi ne domin ya yi kumfa mai yawa, mu kuma mun taso muna auna tsafta da yawan kumfa, amma a cikin wannan inji kumfa cikas ce: tana hana kaya gogar juna, tana kuma hana ɗauraya fita. Ki nemi omon da aka rubuta Automatic ko Matic a jikin ledarsa, ki bi awon da aka rubuta, idan kuma kayan ba su yi datti sosai ba ki rage. Idan har kina ganin kumfa a gilashi a ɗauraya ta ƙarshe, omon ya yi yawa. Ruwan tausasa kaya ki ajiye shi gaba ɗaya na wata biyu, daga baya idan kina so ki riƙa sa kaɗan, amma ban da tawul, domin yana rage masa shan ruwa. Kada ki cusa kaya har ganga ta cika maƙil, ki bar wurin da tafin hannunki zai shiga a tsaye ta sama. Kada ki mayar da injin kwandon ajiye kayan datti, kuma nafkin ɗin yaro da duk abin da najasa ta taɓa a ɗauraye shi a famfo kafin ya shiga. Da zarar wanki ya ƙare a kwashe shi. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki kaya suka kwana a jiƙe, a sake wanke su, kada a ce ɗauraya kawai ta isa.

Akwai wani abu da ya shafi gidajenmu musamman, wato ƙarfin ruwa. Tankin da aka ɗora a tsayin mita 10 ne yake ba da ƙarfin bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa), injinan nan kuma yawanci suna bukatar aƙalla rabin haka, alhali tankunan gidaje da yawa ba su kai tsayin mita biyar ba. Idan kina tarar da omo a dunƙule a cikin durowa bayan wanki, ƙarfin ruwanku ne bai isa ya wanke shi ba. Ki riƙa zuba omon kai tsaye a ƙasan ganga kafin ki sa kaya, ki kuma rufe famfo ki kwance tiyon shigar ruwa daga bayan injin, ki wanke 'yar ragar da ke bakinsa, domin yashi da gansakukar tanki suna toshe ta.

Maganar ƙofa ita ce ta fi wuya a gare ki, kuma tsoronki yana kan hanya, domin yaro yana iya shiga cikin ganga, kuma maɓallin kulle na yara da ke jikin yawancin injina maɓallan sarrafawa yake kullewa, ba ya hana yaro buɗe ƙofar injin da ba ya aiki. Amma injin da ba ya shan iska ba zai daina wari ba, ko da kullum ake wanke shi. Mafita ita ce ki raba yaron da wurin, ki bar injin ya bushe. Bayan wankin ƙarshe na rana, ki goge gilashi da cikin ninkin roba da busasshen tsumma, ki jawo durowar omo waje, ki bar ƙofa a buɗe kamar faɗin yatsu huɗu, ki kashe soket, ki kulle ɗakin da injin yake. Idan a kicin ko a baranda yake inda ba a iya kullewa, ki bar shi a buɗe da dare bayan yara sun yi barci, ki rufe da asuba, a lokacin ya bushe. Ki kuma saba da leƙa cikin ganga duk lokacin da za ki zuba kaya. Rigar ado ko ledar da ake lulluɓe inji da ita tana da amfani da hunturu saboda ƙura, amma da damina danshi take riƙewa, kada a rufa ta sai cikin injin ya bushe. Idan kuma a banɗaki aka ajiye shi, inda ake wanka safe da yamma, ki duba ko za a iya mayar da shi wurin da iska take ratsawa.

Idan warin masai kika ji ta baya, wanke ganga ba zai yi maganinsa ba. Tiyon fitar da ruwa ana so ya ɗaga sama tsakanin santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa kafin ya sauka cikin bututu, kada a tura shi can ciki, bututun kuma ya kasance yana da lanƙwasar nan da take riƙe ɗan ruwa domin ta tare iskar da ke tasowa daga sokawe. A gidaje da yawa ana shimfiɗa tiyon ne a ƙasa a zura bakinsa cikin kwata, ta nan wari da ruwan datti da kyankyasai suke samun hanyar komawa cikin inji. Wannan aikin mai gyaran famfo ne, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Mai gyaran inji kuwa sai ki kira shi idan kin yi wanki mai zafi sau uku warin bai ragu ba, ko robar ƙofa ta yage, ko ruwa yana kwana a cikin ganga, ko kina jin ƙara mai ƙarfi lokacin matsa. A nan sai an kwance injin an wanke gangar waje, ko a canza roba, kuma ki nemi a faɗa miki kuɗin aiki da na kaya kafin a kwance ko kusa ɗaya.

Game da maigida, ki nemi ya ba ki mako biyu kafin a yanke maganar sayarwa, kuma ki yi ƙoƙari ki buɗe matatar nan a ranar da yake gida, domin ganin abin da zai fito zai gamsar da shi fiye da duk bayanin da za ki yi. Ki kuma karɓi wani ɓangare na shawararsa: manyan shaddodinsa masu tsada, musamman masu aiki a wuya, dama sun fi dacewa da hannun mai wanki da guga, sauran kayan gida kuma su zauna a injin. Ita kuwa Hajiya, uwar mijinki, abin da hancinta ya ji gaskiya ne, ko da yadda maganar ta zo ya sosa miki rai, kuma gara da ta faɗa a cikin gida a kan a faɗa wa ɗanta a waje. Ba sai kin kare kanki a gabanta ba. Idan kin je gaishe ta ki ce mata kin gano daga injin ne kuma an gyara, ki yi mata godiya a kan tunatarwar. Idan mako biyun suka cika warin bai tafi ba, ki sake rubuto mini, ki faɗa mini irin injin, da inda tiyonsa yake zubar da ruwa, da abin da kika tarar a cikin matata, sai mu duba tare. Allah ya ba da sa'a, ya raya yara.